Hannun Kumatu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Yaya gwiwarta? Ta soma amfani da maganin shafawar da na aiko, ko har yanzu yana cikin kwalinsa tana jiran ranar da ciwon zai cancanta? A shafa mini kan Kumatu. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar ɗakinmu, mun daina ƙirga ta cikin ciwo.

An ɗauke ni daga wajen injin wanki an mayar da ni ɓangaren guga. Zannuwan gadon asibitin nan ba sa ƙarewa, Kawu. Ka goge tuli ka juya, ka tarar an turo maka wani. Tururi ya farfasa mini yatsu, in ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri. Ran hutuna na kira wayar Inna, ta miƙa maka, na yi ta ɗaga murya a bakin titi har masu wucewa suna waiwaye, kai kuma kana ta cewa “Wa ke magana?” Na sallama. Mu koma takarda kamar yadda ka ce tun farko.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta ce malamar su Kumatu ta tara iyaye ta faɗa musu cewa duk yaron da bai iya rubuta haruffa da hannunsa ba kafin ƙarshen shekara, zai maimaita rabin aji, ba zai shiga aji ɗaya ba. Wai Kumatu ta iya rera su da baki daga farko har ƙarshe, amma in aka ba ta fensir sai ta zana kyanwa.

Kawu, ba na so 'yar nan tawa ta maimaita. Ba don shekarar ba. Ka san lokacin da babanta ya rasu gwaggonta ta so a ba ta ita, na ƙi, na ce gidan da ke da littattafai zan kai ta. Har yau ba ta huce ba. Kai da mahaifiyata kaka kawai kuka haɗa, gwaggon kuwa ciki ɗaya suka fito da uban yarinya, kuma ba ta gajiya da tuna mini duk sanda muka gaisa. In yarinyar nan ta maimaita aji, ban san bakin da zan ƙara hana ta da shi ba.

Kai da ka ƙarar da ƙarfinka a maɗaba'a kana gyara wa manyan marubuta kurakurai, koya wa 'yar mitsitsiya a da b ba zai gagare ka ba. Na sa fensira da littafin rubutu a cikin ƙunshin. Don Allah in ta cika shafi ko ɗaya ne, ka yage ka aiko mini. Ina so in riƙe abin da hannunta ya taɓa.

'Yarka,
Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, fensiran ma sun iso, wasu a karye. Muna lafiya. Innarki ta buɗe maganin, ta ce ƙamshinsa da daɗi, sai dai gwiwa ba ta da hanci. Ni ma lafiya, in ban da ta daina cika mini kofin shayi, wai ina yi mata ɓarna a tebur. Ki riƙa shafa wa yatsunki mai in kin tashi aiki. Ki yi haƙuri da dusashewar rubutun nan, tawadar tafireta ce ta soma bushewa, mutumin da ke sayar da ƙyallenta kuma ya koma sayar da caja.

Zan gyara miki magana ɗaya. Koya wa yaro harafi ya fi gyara wa marubuci littafi wuya. Marubuci yana jin haushi, amma yana zaune wuri ɗaya.

Mun soma. Ban fara mata da a ba. Wanda ya sa shi a gaba bai yi shawara da yara ba: harafi ne mai ciki da wutsiya, ya yi wa sabon hannu yawa. Kusan duk ƙananan haruffa daga abu uku aka gina su, sanda da ƙwai da ƙugiya. Wanda ya iya waɗannan, saura haɗi ne. Saboda haka mun daɗe muna sanduna kawai, daga sama zuwa ƙasa, har ta tambaye ni ko shinge muke yi wa takardar. Daga nan muka koma ƙwai. Yanzu ta san l sanda ce, o ƙwai ne, b sanda ce mai tumbi a gaba, d kuma mai goyo a baya. Wannan na ƙarshe ita ta raɗa masa, ba ni ba.

Ga yadda muke yi. Bayan ta dawo makaranta ta ci abinci, sai mu hau teburin falo, wanda ƙafarsa ɗaya ke kan tsohon ƙamus. Ana ɗora mata matashi a kujera don haɓarta ta wuce gefen tebur. Na raba fensiran biyu, domin dogon fensir yana rinjayar ƙaramin hannu. A farkon kowane layi nakan rubuta mata harafin da hannuna, ita kuma ta cike layin tana kallon nawa. Ban yarda da kama hannun yaro a ja shi ba. Wanda aka ja bai san hanya ba ko ya isa.

Tana da ido. Ban taɓa ganin mai kallon harafi irin kallonta ba, har cikin waɗanda na horar a wurin aiki. Takan sa fuska dab da takarda, ta zaro harshe, ta daɗe kafin ta sa fensir. Illarta jinkiri. Layi ɗaya kan ci mana lokacin da shayina zai huce har a sake ɗumamawa. In na ce ta yi sauri sai ta ce, “Kaka, kai ma da kake babba ba ka yi sauri ba.” Jiya ta tambaye ni me ya sa haruffa suke zama a kan layi. Na ce don kada su faɗo. Ta ce to g ai ƙafarta ta riga ta faɗo. Na ce za mu zo kanta.

Bayana yana ciwo in mun tashi, ba zan ɓoye miki ba, amma aikin yana tafiya. Ga shafuka nan na sa miki. Maiƙon da ke gefen na farko nata ne, ba na gidan waya ba.

Maganar gwaggonta, ki bar ta inda take tukuna.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Inna da jiki. Ina lafiya, tari ne ya ɗan taɓa ni, ya wuce.

Shafukan sun zo. A bakin ƙofar ɗakin wanki na buɗe, ban iya jira ba. Na sunsuna maiƙon nan kamar mahaukaciya. Na nuna wa abokiyar ɗakina, na nuna wa matar da muke guga tare, har mai turo keken kaya sai da ya gani ko bai so ba.

Sai da na zauna ni kaɗai na ƙare musu kallo, sannan na ga abin da ban lura da shi ba da farko. Kawu, babu sanda ɗaya da ta miƙe. Duk layukan karkarwa suke, kamar haƙoran zarto, ƙanana ƙanana, daga sama har ƙasa. Ƙwan ma haka. Na san rubutun yara yana karkacewa, yaran maƙwabta suna aikin gida a barandarmu ina gani. Nasu yana karkacewa ne, ba ya rawa.

Na kai wa wata nas ta ɗakin yara da muke gaisawa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta soma yi mini tambayoyi. Yarinyar tana yar da kofi? Tana yawan faɗuwa? Ta taɓa zazzaɓi mai zafi har ta sandare? Uwa ce ni, ban san amsar ko ɗaya ba. Ta ambaci sunayen cututtuka na jijiya da na ƙwaƙwalwa, ta ce ba lallai ba ne, amma a kai ta a duba da wuri. Ni da nake goge zannuwan ɗakin da ake kwantar da irin yaran nan, “ba lallai ba ne” ba ta hana ni komai.

Tun ranar na ƙona zane biyu, an kira ni ofis.

Abin da ya fi damuna, ka cika mini takarda da sanda da ƙwai da ƙamus, ba ka ce komai a kan wannan ba. Kai da ake cewa ɗigo ba ya wuce ka. Ba ka gani ba ne, ko ka gani ka ɓoye mini? Don Allah ka kai ta asibiti. Ka amsa mini tambayoyin nas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi mini barkwanci.

Ka yafe mini in na yi kaushi. Barci ba ya isata.

Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙin tari.

Ga amsoshin. Ba ta yar da kofi. Tana faɗuwa gwargwadon gudunta. Ba ta yi zazzaɓi mai zafi ba tun da ta zo gidan nan.

Na je wurin malamarsu da littafin. Ta ce ita ma ta lura, ta ɗauka mun sani. Ta ce da irin wannan rubutu, da irin wannan jinkiri, ba za ta iya tura ta aji ɗaya ba. Na karɓo kati a asibiti, an ba mu rana, amma da nisa. Likitan yara ɗaya ne, layin kuwa kin san shi.

Kin tambaye ni ko na gani. Ban gani ba. Sai da kika faɗa na ɗauko shafukan da suka rage a littafin na duba, ga abin nan ɓaro-ɓaro. Ba ni da bayanin da zan ba ki.

Na dakatar da darasi.

Ke ce uwa. In kin ga akwai gidan da za a fi lura da ita, ba zan tsaya miki a gaba ba.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Dole in yi fata, tunda ba a gaya mini.

Wannan ce takardata ta uku tun bayan gajeruwar nan taka. Kullum sai na biya ta wurin akwatin wasiƙu kafin in shiga aiki, har mai kula da shi ya soma girgiza mini kai tun daga nesa. Wayar Inna ba ta shiga. Na yi tunanin ciwo, na yi tunanin mutuwa, sannan na ce da mutuwa ce da an neme ni.

Na karanta layinka na ƙarshe har takardar ta yage a wajen ninki. Na san ka, Kawu, ba ka sa kalma a banza. Mutumin da zai cika shafi a kan ƙafar g, in ya rubuta layi biyu ya ce ba zai tsaya mini a gaba ba, to ya gama magana. Kun gaji. Ban ga laifinku ba. Lafiyayyar yarinya na kawo muku, ba wanda ya ce muku za a shiga zaryar asibiti, ga gwiwar Inna, ga bayanka. Kun yi mini abin da na kusa ba su yi ba. Da dai ka faɗa mini kai tsaye, da ya fi mini sauƙi a kan wannan shirun.

Na yi magana da gwaggonta. Ba ta ce “ai na faɗa” ba, ta bar ni na ji shi da kaina. Ta ce za ta zo ƙarshen wata ta ɗauke ta. Gidanta cike yake da yara, shagonta kuma ba ya barin ta zama, na san karatu zai zama sai an ga dama. Amma akwai babban asibiti kusa da su, kuma tana da ƙafar zuwa.

A haɗa mata kayanta. Bargon nan mai ruwan ƙasa kada a manta, ba ta barci sai da shi, in dai ba ta canza ba. Ka ga, wannan ma ban sani ba.

Na nemi hutu in zo da kaina, an ce sai wa'adin aikina ya cika. Na gaji, Kawu. Ina goge zanen gadon 'ya'yan mutane, tawa tana can ana neman inda za a ajiye ta.

Na gode da komai. Da gaske nake.

Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna raye. Wayar Innarki ta faɗa bokitin wanki. Shirun kuwa nawa ne, ba na gidan waya ba. Takardunki duka sun zo, na sa takarda a tafireta ba sau ɗaya ba, na zare ta fara. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke komai. Zan bi abin daki-daki.

Na farko, Kumatu lafiyarta ƙalau. Likita ya duba ta. Ki ajiye takardar ki sha ruwa, sannan ki ci gaba.

Na biyu, abin da ya rufe mini baki. Mahaifina, wan kakarki, hannunsa ya yi rawa a ƙarshen rayuwarsa har sai an ba shi abinci a baki. Ba ki riske shi ba. Ni ma nawa ya soma, da ɗan daɗewa. Shi ya sa kofina ba ya cika, shi ya sa kike samun wasiƙa daga tafireta. Da kika yi mini maganar shafukan nan, abin da ya faɗo mini shi ne jini ne, ya tsallaka ya sauka a kan yarinya tun ba ta san komai ba. Ban san yadda ake rubuta wa uwa wannan ba. Na gyara jimlolin mutane iri-iri, wannan ban samo mata tsari ba.

Na uku, yadda abin ya warware. Wata safiya Innarki tana neman sa zare a allura, ta yi ta lalube. Kumatu ta karɓa, ta lashi zaren, ta zura shi tashi ɗaya, ta koma wasanta. Ina zaune ina kallo. Na ce a raina, hannun da ke rawa ba ya yin haka. Ni rabona da allura na manta. Na kira ta tebur, na ba ta farar takarda, na ce ta zana mini igiyar shanya. Ta ja layi ɗaya, fit, miƙaƙƙe kamar da rula. Na ce ta zana sandar tsintsiya. Haka. Na ce to rubuta mini l.

Sai ta gyara zama. Ta sa fuska dab da takarda, ta zaro harshe, ta soma saukowa a hankali tana kaɗa fensirin hagu da dama.

Na ce, “Me ya sa kike kaɗa shi?”

Ta ce, “Ai harafi ne.”

Na ce, “To in harafi ne fa?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta jawo littafin, ta ɗora yatsa a kan nawa na farkon layi, ta ce, “Ga shi nan. Haka kake yi. Kaka, ka san wuyar da nake sha kafin in yi 'yan ƙananan nan? Na b sun fi yawa.”

Na ce, “Na malamarku a allo fa, suna da su?”

Ta ce, “Malama ba ta iya ba. Sauri take yi. Ban faɗa mata ba don kada ta ji kunya.”

Innarki ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. Ni na ɗauko gilashin ƙara girma da nake duban ƙananan haruffa da shi, na duba layin farko. Ba nata na duba ba, nawa. Kowace karkarwa da ke cikin nata tana cikin nawa, wuri ɗaya, gefe ɗaya. Yarinyar nan ba ta yi kuskure ba. Kwafi ta yi, mafi aminci da na taɓa gani. Jinkirin ma daga nan yake.

Za ki ce yaya ban gani ba. A maɗaba'a akwai dokar da ba a karyawa: ba a ba mutum aikinsa ya duba. Wanda ya rubuta abu, abin da ya yi niyya yake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Na faɗa wa sababbin ma'aikata wannan har suna kwaikwayon muryata. Ko da kika nuna mini, layinta na duba, na tsallake harafin farko, domin na san abin da na rubuta.

Ranar asibiti na kai ta duk da haka. Likitan ya sa ta taɓa hanci, ta jera ƙwallaye, ta tsaya da ƙafa ɗaya. Ya sallame ta. Da na miƙa hannu zan karɓi katin, sai ya riƙe katin ya ce, “Baba, kai zauna.” Ya ba ni magani. Ya ce zai rage, ba zai warke ba, kuma a hankali zai ƙaru.

Darasi ya dawo, amma na daina rubuta mata. Akwai akwatin haruffan katako da muke buga sanarwar bango da su a maɗaba'a, aka ba ni lokacin da aka koma kwamfuta. Ba na ba ta su a hannu, domin a juye aka sassaƙa su, kada mu fita wata matsala mu shiga wata. Nakan shafa musu tawada in danna a farkon layi da hannu biyu. Dannawa ba ta rawa. Ranar farko ta ƙi su, wai a sandare suke kamar an yi musu tsawa. Sai da na ce mata nawa tsofaffin haruffa ne, sanyi suke ji, waɗannan kuwa yara ne irinta. Ta yarda da sharaɗin za ta riƙa yi wa tsofaffin layi ɗaya a ƙasa. Yanzu tana cika shafi kafin shayina ya huce. Ga su nan, ki gani da idonki, ki kai wa nas.

Na huɗu, gwaggonta ta zo, da jaka da komai. Na karɓe ta da mutunci, na gaya mata duk abin da na gaya miki. Na ce kin yanke hukunci ne a kan shafin da ke da kuskure, ba zan miƙa yarinya ba sai kin ga gyararren. Ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiyarta. Ta kwana, ta koma. Ta ce tana jiran kiranki.

Na ƙarshe, layin da kika karanta har takarda ta yage. Ban ce mun gaji da ita ba. Na ce mutumin da aka ba amanar yarinya, ya zauna da ita kullum bai ga abin da uwarta ta gani daga nesa ba, ba shi da bakin cewa a bar masa. Gajiya kam akwai, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ba da ita ba ce.

Sai dai ki auna da kyau. Hannuna ba zai gyaru ba. Innarki ba ta iya raka ta makaranta. Kunnena kin san shi. Gwaggonta tana da ƙarfi, mu ba mu da shi. Abin da muke da shi tebur ne da lokaci. Ba zan sake rubuta miki layin da za ki karanta biyu ba, don haka ga shi a fili: ina so ta zauna. Amma ke ce uwa.

Har yanzu ba ta barci sai da bargon.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina neman gafara. Yaya hannun? Yau ce ranar farko da na san ya kamata in tambaya.

Na sha ruwan kamar yadda ka ce. Da na zo wurin “Malama ba ta iya ba”, na yi dariya a kan teburin guga har ta juye ta zama wani abu, sai da abokiyar aikina ta zare mini dutsen daga wuta. Na kai wa nas sababbin shafukan. Ta ce wannan wace yarinyar ce kuma. Na ce ita ce dai.

Na ɗauko tsofaffin na sake dubawa. Ni ma ban kalli harafin farkon layi ba, Kawu. Yana nan a kowane shafi, da hannunka, yana gaya mini ba ka da lafiya, na tsallake shi ina neman na 'yata. Har nas ɗin ma. Dukanmu mun wuce ka.

Na kira gwaggonta. Ba a yi ta da daɗi ba. Ta ce na mai da ita 'yar aike, ta ce wata rana da kaina zan kawo mata yarinyar ina roƙo. Wataƙila ta yi gaskiya, ban musa mata ba. Mun tsaya a kan Kumatu za ta riƙa yin hutun makaranta a wurinta, ku ma ku miƙe baya. Amma karatu a gidanka. Ta zauna. Na auna kamar yadda ka ce, na ga ba ni da wani wurin da za a tsaya a tambayi yarinya me ya sa take kaɗa fensir.

Ba zan samu zuwa ba sai wa'adina ya cika, kuma ana maganar ƙara shi. Ban da ƙarfin yin fushi a kai. Ka sha maganinka. Inna ta riƙa cika kofin, abin da ya zube ya zube.

Abu ɗaya nake roƙo. Tun ina yarinya rabona da ganin wasiƙa da rubutun hannunka. Ka ajiye tafiretar nan sau ɗaya. Ko layi biyu ne, ko yaya ya fito.

'Yarka,
Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Malama ta ce Kumatu ta samu shiga aji ɗaya. Ƙafar g har yanzu tana faɗowa fiye da kima, za mu zo kanta.

Ga abin da kika roƙa. Na so in ƙi, aka fi ƙarfina. An ɗora mini matashi, an ba ni rabin fensir, an ce in daina sauri.

Inda kika ga rubutun ya miƙe, Kumatu ce ta danne mini wuyan hannu da hannayenta biyu. Inda ya soma rawa, ta tafi shan ruwa.

Ga ta nan ta dawo.

Kawunki